Asubahin Ƙarfe Biyun Dare

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ƙasar Sin ba, yadi ne. Tun da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, Kantin Kwari ta koma zaman jiran kwantena, kuma duk ɗan kasuwar da ya ɗan yi ƙwari sai ka ji yana da ƙafa a Guwanzu. A shekarar 2015 abin ya kai marinan Kano suka yi jerin gwano har fadar Sarki, suna kukan rinannen kayan Chana ya kashe musu sana'a. Mijin yayata yana cikinsu. Watanni kaɗan bayan nan, cikin Oktoba, maigidana ya kira ni ƙuryar shago ya ce ciwon ƙafarsa ya matsa masa, likita ya hana shi dogon zama, saboda haka ni zan je in duba odar da muka bayar kafin a loda. Mijin yayar tawa ne ya raka ni Wapa canjin dala. Bai ce uffan ba a kan maganar, ni ma ban tayar ba.

Ni mutumin Kademi ne, ta ƙasar Gaya, kuma a wajenmu tafiya abu ce da fasinja yake da baki a cikinta. Ka san direban, in ba ka san shi ba ka san ubansa. In ya cika gudu a yi masa caa. In lokacin salla ya yi, wani dattijo ya bubbuga jikin mota a tsaya. A Wudil a sayi kifi, a gaisa da na gaisawa, a haye gada. Ko zuwana Abuja neman biza haka ya kasance, mota ce dai da ƙasa a ƙarƙashinta. Ban taɓa kawo wa raina akwai tafiyar da za a rufe ka da ƙofa, a ɗaure ka a kujera, ba ka ga mai tuƙi ba, ba ka san ta inda aka bi da kai ba, kuma ba ka da ikon cewa a dakata.

Sai da na je gida sallama. Kaka ce, an yanke gero, mata na ta tsinkar gyaɗa a gindin bishiyoyi. Bayan isha'i zauren gidanmu ya cika, kowa da labarin jirginsa, alhali yawancinsu ba su taɓa ganinsa a ƙasa ba. Baffa ya tuno jirgin alhazan da ya faɗi a filin jirgin Kano cikin hazo a watan Janairun 1973, mutum 176 suka rasu. Ya ce yana saurayi lokacin, a rediyo suka ji, gari ya yi tsit. Wani ya kawo na Gwammaja a 2002, wanda ya rikito kan gidajen mutane da rana tsaka. Samari kuwa na Malesiya suka sani, wanda ya nufi ƙasar Sin ɗin a watan Maris na 2014 da mutum 239, ya ɓace ɓat. Duk fa da sunan ƙarfafa min gwiwa ake yi. Kowa in ya dire sai ya ce, “Amma kai lafiya lau za ka je ka dawo, in Allah ya yarda.”

Inna ba ta shiga zancen ba, tana ciki tana fama da dambun nama. Mahaifinta a ƙafa ya tafi Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana yada zango yana noma, har ya kai gaɓar Bahar Maliya ya haye. Ya bar ta a goye, ya dawo ya tarar ana zancen aurenta. Don haka a wurinta duk wanda ya ce zai yi gabas mai nisa, yafiya ake yi da shi. Ta ce in yafe mata, na ce ai ita ce za ta yafe min, muka yi shiru. Ta miƙo min robar dambu, da ƙullin goro, da gorar rubutu da ta karɓo wajen liman. “Kana shiga ka sha, ka shafa,” in ji ta.

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, tun 1925, amma ni iyakata da filin jirgin Malam Aminu Kano rakiyar alhazai, daga waje. Ran nan na wuce ƙofar. Aka auna kaya, aka duba katin allurar shawara, aka zo wurin bincike. Cire takalmi, cire agogo, sa jaka a na'ura. Sai jami'in ya zaro gorar ya ɗaga ta sama. Ashe ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jirgi a hannu. Ya dubi baƙin ruwan, ya dube ni.

“Malam, rubutu ne?”

“Na Innata ne.”

“To, ko ka shanye a nan, ko ka bar shi a nan.”

Na kafa kai. Layi na jira a bayana, ƙanshin tawada da ɗanɗanon allo na bin maƙogwarona, na shanye tas, na shafe fuska da ɗigon da ya rage. Ya ce, “Allah ya karɓa,” ba ko murmushi a fuskarsa. Har yau ina gode masa da rashin dariyar nan.

A ɗakin jira wata dattijuwa ta ƙura min ido. Ta kai sa'ar Inna, da farin gilashi, da haƙorin Makka, da ƙatuwar jakar hannu a cinya. Ni kuwa ina riƙe da fasfo da hannu biyu, ya jiƙe da gumi.

“Ɗan nan, yau ne farko ko?”

Na so in musa, na ga ba riba. Na ce, “Yau ne, Hajiya.”

“Ina aka nufa?”

“Guwanzu.”

“To tafiyarmu ɗaya. Sa fasfon nan a aljihun gaba ka maɓalle. Ba guduwa zai yi ba.”

'Yar kasuwa ce daga Fagge, kayan ɗaki da leshi take sarowa. Ta fara da Jidda, ta koma Dubai, da kasuwa ta juya ta bi ta zuwa Sin. Ba ta karanta boko ko harafi ɗaya, amma lambobi ba sa ɓace mata, kuma ta san kowace ƙofa da kowane layi. Tun da jirgin Habasha ya fara zuwa Kano a 2014 ta huta da sauka Legas ko Abuja. Da muka shiga, ta yi magana da wanda ke kusa da ni, ya koma kujerarta, ta zauna a tasa.

Tashin jirgi ba ya kwatantuwa ga wanda bai ji ba. Ya yi ta rarrafe, ya tsaya, ya yi wani irin ruri da na ji har cikin haƙorana, sannan ya zabura. Bayana ya manne da kujera. Ƙarar tayoyi ta ɗauke ɗif, cikina ya yi ƙasa, na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da na buɗe ido sai ga Kano a karkace ta taga, jajayen rufin kwano, da Dala da Gwauron Dutse da muke wa kallon duwatsu sun zama 'yan tudu. Na nemi Kademi ta gabas, na ga gonaki birjik da layin kogi, ban iya ware garinmu daga na maƙwabta ba. Kunnuwana suka toshe, suka fara zafi. Hajiya ta ce, “Ina goron da na ga kana ɓoyo? Tauna, ka riƙa haɗiye yawu.” Suka buɗe da ɗan ƙara. Daga nan kuma rubutun Inna ya fara neman hanyar fita, fitilar ɗaura bel na kunne, ba halin tashi. Wannan ne tashin hankalina na farko a sama, kuma babu wanda ya ambace shi a zauren gidanmu.

Taswira ta nuna muna kan Chadi, can kuma Sudan. Ƙasa ta koma ja, ba gari ba bishiya. Nan ne fa kakana ya yi damina bayan damina yana noman gonar wasu don ya sami guzurin zango na gaba. Ni kuma ina ratsa wurin da kofin shayi a gabana, tsakanin azahar da magariba. Ban ji alfahari ba. Wata irin kunya na ji.

Awa huɗu da 'yan kai muka sauka Adis Ababa da dare, agogonsu ya riga namu da awa biyu. Garin a kan tsauni yake, sama da mita 2,300, sanyi ya ratsa shaddar da na ci ado da ita. Hajiya ta nuna min ɗakin salla, ta ce in yi ƙasaru in haɗa abin da ke kaina. Na shiga ina neman gabas, sai na ga sahu ya dubi wani ɓangare dabam. Daga Adis, Makka arewa take. Na bi sahu, zuciyata ba ta kwanta ba, don tun da aka haife ni ban taɓa kallon wani wuri da salla ba sai mafitar rana.

A bakin ƙofar jirgin Guwanzu kuwa Afirka ce gaba ɗaya ta hallara. Ibo 'yan kasuwar Aba da Anacha, matan Mali da Senegal da manyan ɗankwalaye, mutanen Kongo, Habashawa, ga kuma 'yan Chana ma'aikatan hanya da na gini suna komawa gida, kowa ya yi baƙi da rana. Wajen tsakar dare muka shiga. Wannan jirgin ya ninka na farko, hanya biyu a ciki, kujeru a jere har ido ya gaji, kowa da ɗan talabijin a gabansa, da bargo, da ƙaramin matashi. Aka ce tafiyar awa goma ce da wani abu. Na lissafa, na ga ya kai a bar Kano da asuba a wuce Abuja a ci gaba, ba tare da an tsaya ko shan ruwa ba.

Aka kawo abinci, kaza ko kifi. Na ce kifi, don ban san wanda ya yanka kazar ba. Aka kashe fitilu. Daga nan ba abin da ya rage sai gunjin inji, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, har ka daina jin sa, sai kuma ka farga ka ji yana nan. Allon gabana ya ce muna sama da ƙafa 35,000, muna gudun kusan kilomita 900 a awa, sanyin waje ya kai 50 ƙasa da sifiri. A ƙarƙashinmu teku ne. Na yi ta kallon ɗan hoton jirgin a kan shuɗin allo, ba ya ko motsi. Hancina ya bushe, leɓena ya tsage. Banɗakin ma jarrabawa ce ga wanda ya tashi da buta: wuri ne da ba ka iya juyawa sosai, famfo na ba da ruwa da ƙyar, sai da kofin roba na yi dabara. Da na danna maɓallin wankewa ya yi wata irin zuƙa mai ƙara, na daka tsalle na bugi ƙofa, na ɗauka jirgin ne ya huje.

Can cikin dare gargada ta fara. Da farko 'yar girgiza, sai ta zama irin ta akori-kura a kan burji bayan damina, sannan jirgin ya yi wata faɗawa da ta ɗaga ni daga kujera, bel ya riƙe ni. Wani yaro ya tsala ihu. Wata mata a baya tana kiran Yesu, ni ina salati da ƙarfi, ban ma san da ƙarfi nake yi ba. Hajiya ko carbinta ba ta sauya wa gudu ba.

“Ka riƙa duban ma'aikatan nan,” in ji ta. “Muddin suna yawo da kofi a hannu, ba komai. In ka ga sun zauna sun ɗaure, to ka ƙara salati.”

Na leƙa. Duk sun zauna sun ɗaure.

Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin na sallama. Ba mutuwar ce ta fi tsaya min a rai ba, rashin kabari ne. Na tuna jirgin Malesiya, na tuna Inna za ta yi ta zama a bakin ƙofa ba gawa ba labari, ba wurin da za a nuna a ce ga inda yake. Na tuna bashin wani mai shayi a Kwari da ban biya ba. Ban san iska ce kawai mai hawa da sauka ba, ban san an ƙera fukafukan don su lanƙwasa su jure fiye da haka ba. Abin da na sani shi ne ba ni da abin yi, ko na tsaya ko na gudu, kuma ban taɓa shiga hali irin wannan ba tun da na yi wayo.

Ta lafa a hankali. Ina share gumi sai Hajiya ta ɗan ɗaga murfin taga ta taɓa ni. Wani jan layi ne ya keto a gaba, sama na washewa.

“Tashi ka yi asuba.”

Na dubi agogona, wanda ban taɓa shi ba tun Kano. Ƙarfe biyun dare.

“Hajiya, ai yanzu biyu ta yi.”

“Biyun Kano. Kana Kano ne? Lokacin inda kake shi ne lokacinka. In ka tsaya jiran agogon nan, rana za ta fito ta bar ka.”

An koya mana a firamare cewa duniya na juyawa, na haddace na ci jarrabawa, amma ban taɓa yarda da shi a jikina ba sai ran nan. Mu muke gudu muna tarar rana, shi ya sa daren ya guntule. Taswira ta nuna mun doshi gaɓar Indiya. A Kademi ko zakaran farko bai yi cara ba. Fitilar bel na kunne har lokacin, ba damar zuwa alwala. Hajiya ta zuge jaka ta fito da wani ɗan dutse mai sulɓi, ya sha hannu har yana ƙyalli, ta yi taimama ta miƙo min. Na yi salla a zaune, ina nuni da kai, ban san inda alƙibla take ba. Daga baya na tambayi malamai, wasu suka ce ta yi, wasu suka ce a rama in an sauka. Amma ban taɓa yin sallar da na san ina bukatarta irin wannan ba.

Da gari ya waye sosai na nemi sa takalmi, ya ƙi shiga. Ƙafafuna sun kumbura suntum. Hajiya ta kore ni in je in yi ta kai da kawowa a tsakanin kujeru, in sha ruwa ko ban ji ƙishi ba. Ta ce dogon zama na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma yana kisa. Sai a sannan na gane abin da likita ya guje wa maigidana.

Muna kan ƙasar Bama, ana shirin kawo abinci na biyu, ta hango robar dambu a jakata.

“Wannan fa? Nama ba ya shiga ƙasarsu. Karnuka ne da su masu sansana kaya. Ko ka cinye, ko su zuba a shara a gabanka.”

Dambun da Inna ta kwana tana daka. Na buɗe robar, ƙanshin man gyaɗa da citta da barkono ya cika wurin, kawuna suka fara juyowa. Na miƙa wa Ibon da ke gefen hanya, ya ɗiba ya miƙa gaba. Matan Mali suka karɓa suna sa albarka da bakinsu. Matar da ta yi ta kiran Yesu ta ɗiba sau biyu. Wani ɗan Chana ya ɗanɗana, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga babban yatsa ya ce, “Da daɗi, na gode,” da Hausa. Ashe a aikin layin dogo na Abuja zuwa Kaduna yake. Robar ta dawo min fes. Mutanen da muka kwana muna tsoro tare ba mu ce wa juna ƙala ba, sai ga shi ana hira, ana tambayar wa zai sari me.

Da la'asar ɗinsu muka sauka filin jirgin Bayun. Agogonsu ya riga na Najeriya da awa 7. Iska mai ɗumi da laima ta bugi fuskata, ƙasa na ɗan lilo a ƙarƙashina. Muka bi ta gaban na'urar auna zafin jiki, muka yi layin shige da fice, aka buga hatimi. A bakin fita tafintarta na jiran ta. Ta ce, “Ka riƙe katin otal ɗinka a aljihu, shi za ka nuna wa mai tasi in ka ɓata. Allah ya ba da sa'a, ɗan nan.” Ta shige cikin jama'a. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba.

A unguwar Shiyawbe na sauka, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Jiki ya ƙi yarda an iso. Da rana ina gaban masu kaya ina gyangyaɗi, ana nuna min kala ina ganin biyu-biyu. Da dare idona biyu har asuba, yunwa na tashe ni a lokacin tuwon gida. Bayan sallar asuba na kira ƙanena ya kai wa Inna waya. Ta ce yanzu suka gama hira za su kwanta. Na ce mu nan gari ya waye, har mun shiga gobe. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, Allah mai iko. Ka dai ci abinci?”

Ranar Juma'a aka kai ni masallacin da ke da kabarin da Musulmin can suke dangantawa ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake abin da ya shahara a tarihi shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Jama'a maƙil har cikin lambu: Musulmin Sin da fararen huluna, Larabawa, 'yan Pakistan, ga Hausa na tashi ta ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi. Aka ta da salla, sahu ya dubi yamma. A nan ne lissafin ya zauna min. Ka'aba tana tsakanina da Kademi, na wuce ta na bar ta a baya tun cikin daren gargada.

Na duba odar, aka loda, na dawo, na kuma sha bin hanyar daga baya. Yanzu nakan yi barci tun kafin jirgi ya tashi. Amma na riƙe abu guda: abin da ya fi wahalar da mai tafiyar farko duk ƙanana ne, kuma duk da baki ake maganinsu. Iyayen gida a Kwari da Wambai da Sabon Gari suna tura yara ƙasashen da ba su san ko gaisuwarsu ba, a damƙa musu dala da lambar waya, ba wanda zai zaunar da su ya ce ga yadda ake salla a sama, ga abin da ba ya shiga jaka, ga abin da za ka ji a kunnenka, kada ka tsorata. Yaron kuma kunya ta hana shi tambaya, kada a ce baƙauye ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, in Allah ya sa ka saba da hanyar nan, ka riƙa dubawa a ɗakin jira. Za ka gan shi, yana riƙe da fasfo da hannu biyu. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka jira ya tambaye ka. Matsa kusa ka yi masa sallama, ka tambaye shi ina aka nufa.